Inda Ƙaho Ya Sadu da Ganga: Bin Sawun Jaz da Mambo a New York

Masaukina a New York yana unguwar Bronx, a gidan wani dattijo Bahaushen zangon Kumasi da ya daɗe yana tuƙa tasi a birnin. Mutanen Gana da na Nijar suna da dama a wannan yanki, ranar Juma'a har ka ji ana gaisawa da Hausa a ƙofar masallaci. Amma waɗanda suka riga su cika unguwar 'yan Puerto Rico ne da 'yan Jamhuriyar Dominika, kuma lokacin zafi ba ka wuce layi guda kiɗansu bai tare ka ba, ko ta taga, ko daga motar da aka faka a bakin titi. Da na gaya wa mai masaukina cewa tsofaffin fayafayan jaz da mambo nake nema, kuma ina son in taka wuraren da aka yi kiɗan da ƙafata, sai ya ce, "Malam, ai a tsakiyar abin ka sauka. Bari in ajiye mota gobe, mu fara da titi na 110."

Ya san abin da yake faɗa. A kusurwar arewa maso gabas ta lambun Central Park, inda titi na 110 ya gitta Fifth Avenue, akwai shataletalen da aka kafa wa makaɗin jaz Duke Ellington mutum-mutumi a 1997, yana tsaye kusa da fiyanonsa can sama bisa ginshiƙai. In ka nufi gabas daga nan, allon titin ya koma Tito Puente Way, ka shiga El Barrio ke nan, unguwar masu jin Sifaniyanci. In ka yi arewa da yamma, kana cikin Harlem ta baƙaƙen Amurka. Tsakanin biyun tafiyar 'yan mintoci ce. A wannan kusurwa gidan rawa na Park Plaza yake a da, kafin ginin ya koma coci, kuma a cikinsa ne a Disambar 1940 wani mawaƙi da ya tashi a Havana, Frank Grillo, wanda aka fi sani da Machito, ya fito da ƙungiyarsa. Sunan da aka raɗa mata, Afro-Cubans, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne a zamanin da ambaton Afirka ba ya kawo wa makaɗi kasuwa a gidajen rawar fararen fata.

Mai riƙe da ragamar kiɗan ƙungiyar surukinsa ne, Mario Bauzá, kuma a ganina shi ne mutumin da aka fi tauye wa haƙƙi a duk wannan tarihi. Bauzá ya baro Havana a 1930 da horon makarantar kiɗa a hannunsa, ya busa ƙaho a ƙungiyar Chick Webb har ya zama jagoran kiɗanta, ya koma ta Cab Calloway, inda ya sa baki aka ɗauki wani yaro mai suna Dizzy Gillespie a 1939. Shekaru goma ya yi yana cin tuwo ɗaya da makaɗan jaz na Harlem. Ya san yadda ake jera ƙahoni da saksafon su yi magana da murya ɗaya, ya kuma san gangunan garinsu. A 1943, wurin gwajin kiɗa a wannan kusurwa, ya haɗa "Tanga", wadda masana ke ɗauka ita ce farkon jaz ɗin da aka gina dungurungum a kan kiɗan Kyuba.

Na daɗe a tsaye a wurin, motoci suna kewaya mu, domin abin da ya faru a nan ya wuce labarin makaɗa biyu. Bayin da aka kai Amurka ta Arewa an raba su da ganga da wuri. Bayan boren Stono na 1739, dokar Carolina ta Kudu ta 1740 ta haramta musu ita, don tsoron kada su kira juna da ita. Sai kiɗan ya koma cikin tafi da ƙafa da murya, daga baya ya shiga ƙahonin badujalar soja, ya fito da jaz. A Kyuba kuwa an bar bayi su kafa ƙungiyoyi bisa ƙabilunsu, jiragen bayi sun ci gaba da sauka har cikin shekarun 1860, ba a kuma soke bautar ba sai 1886. Saboda haka gangar Yarabawa da ta Kwango da ta mutanen Kalaba ta rayu a can da sunayenta da waƙoƙinta. 'Yan'uwa biyu ne aka raba da ƙarfi, ɗaya ya tsira da ƙaho, ɗaya ya tsira da ganga, neman abinci ya sake haɗa jikokinsu a titi na 110.

Layi ɗaya gaba, a mahaɗar titi na 111 da Lenox Avenue, mai masaukina ya nuna mini wajen da mashayar Rio take. A nan aka harbe Chano Pozo a Disambar 1948, yana da shekara 33. Makaɗin konga ne daga Havana, ɗan ƙungiyar asiri ta Abakuá, wadda aka kafa a Regla a 1836 kuma tushenta ƙungiyar Ekpe ce ta ƙasar Kalaba da Kuros Riba. Bauzá ne ya haɗa shi da Gillespie a 1947, suka hau dandalin Carnegie Hall tare a watan Satumba na wannan shekara. Pozo ba ya jin Turanci, Gillespie ba ya jin Sifaniyanci. Zamansu tare bai wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba, amma tun daga lokacin konga ta samu kujera a jaz.

Muka miƙe Lenox Avenue har titi na 140, inda gidan rawa na Savoy ya mamaye layi guda daga 1926 zuwa 1958. Yau gidajen kwana ne masu hawa da yawa, sai wani allon tunawa da aka kafa a 2002 a gefen hanya, wanda mai sauri zai wuce bai lura ba. A nan ne a 1937 ƙungiyar Chick Webb, wancan gajeren makaɗi da tarin fuka ya lanƙwasa wa ƙashin baya, ta kara da ta Benny Goodman, dubban mutane suka rasa wurin shiga, kuma akasarin waɗanda suka shiga suka ce Webb ne ya ci. Savoy ba ya korar baƙaƙe ko farare, saɓanin Cotton Club da ke kusa, inda Ellington ya yi suna yana yi wa fararen fata zalla kiɗa.

Babbar ƙungiyar jaz ta wancan zamani mutum goma sha biyar ce zuwa goma sha bakwai: layin saksafon a gaba, layin tirombon a tsakiya, layin ƙaho a baya, sai fiyano da bas da ganguna a gefe. Ciyar da irin wannan runduna da biyan kuɗin motarta gari-gari sai da kasuwa mai ƙarfi, kasuwar kuwa Yaƙin Duniya na Biyu ya karya ta. An kwashe matasan makaɗa zuwa soja. Ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta hana ɗaukar faifai daga 1942 zuwa 1944 saboda rigimar kuɗi da kamfanoni. A 1944 gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi a kan duk gidan shaƙatawar da ake rawa a cikinsa, kashi 30 da farko, daga baya kashi 20, masu gidaje suka fara cire filin rawa suna jera tebura. Ƙarshen 1946, cikin 'yan makonni, Goodman da Woody Herman da Harry James da Tommy Dorsey duk suka sallami mutanensu. Count Basie kansa sai da ya koma ƙaramar ƙungiya a 1950. Jaz ya zama abin da ake zama a saurara. Wanda ya ci gaba da tara ƙahoni goma sha don mutane su tashi su taka, makaɗin mambo ne.

Shaidar haka tana Broadway, sai muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa muka gangara. A mahaɗar titi na 53 gidan rawa na Palladium yake, a hawa na biyu. Tun ƙarshen shekarun 1940 ya buɗe ƙofarsa ga kiɗan Latin, manyan nan uku suka mai da shi fadarsu: Machito, Tito Puente da Tito Rodríguez. Daren Laraba akan koyar da rawa sannan a yi gasa, taurarin fim irin su Marlon Brando su zo kallo. 'Yan Puerto Rico da 'yan Kyuba da baƙaƙen Harlem da Yahudawa da Italiyawa duk a fili ɗaya, a shekarun da a kudancin ƙasar baƙi da fari ba sa shan ruwa a famfo ɗaya. Layi guda a ƙasa kuma a lokacin gidan jaz na Birdland ne, da aka buɗe a Disambar 1949, inda Basie ya mai da gida bayan ya sake tara babbar ƙungiyarsa. Makaɗan nan kan haura can lokacin hutu, na can su gangaro nan. Ba sai mutum ya yi na'am da rayuwar dare da abin da ake sha a irin waɗannan wurare ba kafin ya yarda cewa an yi aikin gwaninta a cikinsu. An ƙwace wa Palladium lasisin sayar da giya bayan samamen 'yan sanda a 1961, ya rufe a 1966. Abin da muka tarar dogon ginin ofisoshi ne da mutane masu sauri riƙe da kofin kofi. Mai masaukina ya ce ya sauke fasinja a wannan kwana ba iyaka, bai taɓa sanin an yi wani abu a wurin ba.

Tun daga nan na gane cewa a birnin da ƙasa ta fi zinariya tsada, gini ba ya riƙe tarihi. Wanda yake son jin Savoy ko Palladium sai ya nemi faifai.

Neman ya mai da mu Bronx. Kusa da tashar Prospect Avenue, inda jirgi ke wucewa ta saman titi yana girgiza tagogi, akwai Casa Amadeo, kantin kiɗan Latin mafi daɗewa da bai taɓa rufewa ba a birnin. Victoria Hernández, 'yar'uwar shahararren marubucin waƙoƙin Puerto Rico Rafael Hernández, ita ta buɗe shi a 1941, Mike Amadeo ya saye shi a 1969, kuma a 2001 aka sa shi cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Jita da konga da caki a rataye, hotunan mawaƙa sun rufe bango. Daga can wani ya kwatanta mana wani ƙaramin shago da ke ƙasan bene, na wani tsoho mai tara fayafayan garmaho, a nan kuma na fi daɗewa.

Tsohon bai bar ni na taɓa komai ba sai da ya nuna mini yadda ake riƙewa: tafin hannu a gefe, yatsa a kan tambarin tsakiya, kada a shafi layukan. Faifan farko da ya miƙo mini mai zagaye 78 ne a minti, faɗinsa inci goma, baƙi ƙirin, da nauyi a hannu. Ba roba ba ce. Da wani danƙo ake yin sa, wanda wasu ƙwari ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, a gauraya shi da garin dutse, shi ya sa in ya faɗi yake tarwatsewa. Lokacin yaƙi danƙon ya yi wuya, aka riƙa karɓar tsofaffin fayafayai ana niƙewa ana buga sababbi, da yawa ta nan suka salwanta. Ya ɗaga shi wajen fitila ya nuna mini inda layukan suka yi toka-toka, alamar an ci shi da allurar ƙarfe da ta dakushe, don a ƙa'ida kowane gefe da sabuwar allurarsa. Ya ƙwanƙwasa bakinsa da farce yana saurare, wai faifai mai ɓoyayyen tsagu ba ya amsawa da kyau. A tsakiya ga tambarin RCA Victor, da karen nan da ya karkata kai yana sauraron garmaho.

"Manteca" ce, wadda Gillespie da Pozo suka ɗauka ranar 30 ga Disamba, 1947. Da allura ta sauka sai ƙarar soyuwa ta fara, sannan bas da konga suka shigo su kaɗai, suna maimaita zance guda. Saksafon suka hau kai da nasu zancen, tirombon suka ɗora nasu, kowane layi da abin da yake nanatawa, ba wanda ya taka wani, har ƙahonin baya suka fashe gaba ɗaya. Wannan ginin hawa-hawa na Pozo ne. Can tsakiya sai kiɗan ya kwanta ya yi laushi, ya bi hanyar jaz, wannan ɓangaren kuma Gillespie ne ya rubuta. Kunne yana jin inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya karɓa. Duka abin minti uku ne da 'yan daƙiƙu, iyakar abin da gefen faifan zai ɗauka. Ina ganin wannan ƙuncin alheri ya zama wa kiɗan. Ba wanda ke da sararin yawo, mai busa yana da daƙiƙa ashirin ko talatin ya faɗi abin da ke bakinsa, kuma da yake kai tsaye ake ɗauka kowa na wurin, in mutum ɗaya ya kauce sai a sake daga farko.

Yana saurare yana buga kanta da 'yan yatsu biyu: bugu uku, sannan biyu, uku, sannan biyu. Wannan shi ne kilabe, ƙashin bayan kiɗan Kyuba. Wani lokaci da sanduna biyu ake buga shi, wani lokaci ba mai buga shi sam, amma kowane makaɗi yana jin sa a ransa, kuma duk wanda ya juya shi masu rawa za su gane nan take. Ya sa mini wani faifan Machito don in ji yadda ake shiga rabin waƙa na biyu, inda mawaƙi ke bayarwa 'yan amshi suna karɓa, fiyano yana nanata zance ɗaya, ƙararrawar ƙarfe tana saman komai. Mai masaukina, wanda tun shigowarmu yake zaune shiru da carbinsa, sai na ga ƙafarsa tana motsi.

Sauran kwalayen na manyan fayafayai ne masu zagaye 33, waɗanda kamfanin Columbia ya fito da su a 1948, kowane gefe yana cin kusan minti ashirin, da ƙananan nan masu zagaye 45 na RCA da suka biyo a 1949. Ba don dogon faifai ba da ba mu gaji abin da ya faru a bikin Newport na 1956 ba, daren da Paul Gonsalves na ƙungiyar Ellington, wanda iyayensa 'yan tsibiran Cape Verde ne, ya busa saksafon zagaye 27 a jere, jama'a suka tashi tsaye, sunan Ellington da ya fara dusashewa ya dawo. Na ga Dance Mania na Tito Puente na 1958, wanda har yau ban ji faifan mambo da ya fi shi tsafta ba. Puente haifaffen El Barrio ne a 1923, ya yi yaƙi a rundunar ruwa, ya yi karatun kiɗa a Juilliard, kuma shi ya ciro gangunan timbal daga bayan dandali ya kawo su gaba yana kaɗawa a tsaye. Na ga kuma Kenya na Machito, da aka ɗauka ƙarshen 1957 tare da Cannonball Adderley, shekarun da sunan wannan ƙasa ke cikin labarai saboda gwagwarmayar 'yanci. Shi na saya, da "Manteca".

Fayafayan Pérez Prado sun fi na kowa yawa a shagon, sun kuma fi araha, don an buga su da yawa. Prado ɗan Matanzas ne da ya koma birnin Meziko ƙarshen shekarun 1940, a can ya ɗauki "Mambo No. 5", wadda Lou Bega ya farfaɗo da ita a 1999. A 1955 "Cherry Pink and Apple Blossom White" ta yi mako goma tana kan gaba a Amurka. Ba na raina shi. Ƙahoninsa suna da kaifi, kuma ya san amfanin yin shiru na daƙiƙa guda kafin ya saki gurnaninsa. Amma ya sauƙaƙa abin ne don kunnen da bai saba ba, kuma ba shi ya fara ba: tun 1938 Orestes López da ƙaninsa Cachao suka yi kiɗan da suka kira "Mambo" a Havana. Da kasuwa ta buɗe a 1954, har Perry Como da Rosemary Clooney sai da suka yi waƙoƙin mambo suka kwashi rabonsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Machito ya ci gaba da yawon kiɗa har ciwon ajali ya kama shi a Landan a 1984, Bauzá kuwa sai dab da rasuwarsa a 1993 aka fara ba shi girman da ya dace.

A hanyar komawa gida mai masaukina ya ce shi wannan kiɗa ba baƙonsa ba ne, da shi ya tashi a Kumasi, sai dai bai san daga inda ya fito ba. Gaskiyarsa. Daga 1933 zuwa 1958 kamfanin HMV ya buga jerin fayafayai kusan 250 masu lambar GV, akasari kiɗan Kyuba, musamman don kasuwar Afirka. Na farkonsu "El Manisero" ne na Don Azpiazú. Su ne makaɗan Kinshasa irin su Kabasele da Franco suka saurara har rumbar Kwango ta fito, su aka ji a Dakar da Bamako da Konakiri, kuma gangunan Kyuba sun shiga hailaif ɗin E.T. Mensah a Accra. Jaz kuwa da ƙafarsa ya zo: Louis Armstrong ya sauka Accra a 1956, a 1960 kuma ya iso har Kaduna ya gana da Sardauna.

Kafin in bar birnin na hau jirgi mai lamba 4 har ƙarshen layinsa, maƙabartar Woodlawn, inda Ellington yake kwance ba nisa da makaɗan jaz Miles Davis da Lionel Hampton, mawaƙiyar Kyuba Celia Cruz ma tana cikinta. Wurin tsaf yake, ana kula da shi.

Fayafayan da suka zo ƙasashenmu ba su samu irin wannan kulawa ba. Garmaho ya shiga gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa da malaman makaranta a Kano da Jos da Zariya da Damagaram da Kumasi, kuma a akwatin da aka ajiye na Kyuba da na Amurka, nan aka ajiye na makaɗanmu. Duk wanda ya gaji irin wannan akwati, don Allah kada ya ba yara su yi wasa da abin da ke ciki, kada kuma ya zubar don ya ga babu na'urar sawa. A jera su a tsaye, ba kwance bisa juna ba, a nesa da rana da zafin kwano. A goge ƙura da tsumma mai laushi, kada a kusantar da sifirit ga mai zagaye 78, narkar da shi yake yi. Sannan a nemi gidan rediyo ko sashen adana tarihi na jami'a mafi kusa, a ba su su ɗauki sautin a kwamfuta tun faifan yana amsa allura.